Yadda Ake Koya Wa Kwamfuta Ta San "Yanzu"

A ce ranar bikin rabon kyaututtuka ce a makarantarku. Iyaye sun cika zaure, shugaban makaranta na zaune a layin gaba, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta hau dandamali. An zo wurin da ɗan wasa zai ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare. Kai kuma an ajiye ka a gefe da kwamfuta, aikinka ka saki ƙarar ƙwanƙwasawar ta fito ta lasifika. Ɗan wasa ya ɗaga hannu, ya bugi iska, shiru. Kana can kana laluben fayil. Sai da ya sauke hannu ya juya baya, sannan zaure ya ɗauka: ƙwan! ƙwan! ƙwan! Wurin da aka shirya don jama'a su tsorata, sai ga shi an bushe da dariya.

Sautin da aka naɗa lafiyarsa ƙalau, lasifika ma haka. Abin da ya ɓata wasan shi ne lokaci. Duk wanda ya taɓa tafi a gaɗa ko ya tsaya kusa da makaɗi a wurin biki ya san cewa bugu mai daɗi idan ya zo a makare ya zama hayaniya. Kwamfuta kuwa, duk saurin lissafinta, ba ta san lokacin da ya dace ba sai an gaya mata. A wannan makon za mu duba yadda masu haɗa kiɗa ke gaya mata, kuma za mu yi amfani da wata manhaja ta kyauta mai suna Pure Data, wadda ake taƙaitawa da Pd, domin ita ba ta ɓoye komai: duk igiyar da umarni ke bi a fili take, ido na ganinta.

Inda abin ya samo asali

A shekarar 1957 wani injiniya ɗan Amurka mai suna Max Mathews, da ke aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs, ya rubuta wata manhaja da ya kira MUSIC, wadda ta sa kwamfuta ta samar da sauti. Kwamfutocin wancan zamani ba su da saurin da za su yi kiɗa nan take. Sai ka rubuta umarni, ka jira injin ya gama lissafi, daga baya ka saurari abin da ya fito.

Bayan kusan shekara 30, a birnin Faris na ƙasar Faransa, wata cibiyar binciken kiɗa da sauti mai suna IRCAM ta fuskanci tambaya irin wadda ta kama ɗalibinmu na zaure: yaya za a yi kwamfuta ta yi kiɗa tare da mutum a kan dandamali, ta amsa masa a daidai lokacin da ya buga? Wani masanin lissafi ɗan Amurka, Miller Puckette, ya ƙirƙiro manhajar da ake zana umarni a cikinta da akwatuna da igiyoyi, aka raɗa mata suna Max don girmama Mathews. An yi amfani da ita a wani kiɗan fiyano da kwamfuta mai suna Pluton na Philippe Manoury a 1988. Daga baya Max ta zama hajar sayarwa. Puckette ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, inda ya fito da Pd a 1996, ya bar ta kyauta ga kowa. Har yau haka take. Ba ta da nauyi, kuma tana aiki a kan Windows da macOS da Linux, har a tsohuwar kwamfutar ɗakin gwaji.

Farin allo da akwatuna

Wanda ya buɗe Pd a karon farko yakan ɗan yi turus, domin babu hoton ganga, babu hoton fiyano, farin fili ne kawai. A kan wannan fili ake ajiye ƙananan akwatuna. Idan ka danna Ctrl da 1 za ka samu akwatin aiki, ka rubuta sunan aikin a ciki. Ctrl da 2 na ba da akwatin saƙo, wanda ke aika abin da aka rubuta a cikinsa duk lokacin da aka latsa shi. Ctrl da 3 na ba da akwatin lamba. Kowane akwati yana da mashiga a samansa da mafita a ƙasansa, sai ka ja igiya daga mafitar wani zuwa mashigar wani. Ctrl da E ke sauya ka daga yanayin gini zuwa yanayin wasa, da kuma dawowa.

Abu biyu ne ke bin waɗannan igiyoyi, kuma fahimtar bambancinsu shi ne rabin karatun. Na farko shi ne kwararar sauti. Kwamfuta na ajiye sauti ne a matsayin jerin lambobi, galibi lamba 44,100 ko 48,000 a kowane sakan, kowace lamba na nuna inda fatar lasifika za ta kasance a wannan ɗan lokaci. Wannan kwarara kamar ruwan famfo take, ba ta tsayawa muddin an kunna injin sauti. Akwatunan da ke sarrafa ta suna da wata lanƙwasasshiyar alama a ƙarshen sunansu, wato ~, kuma igiyoyinsu sun fi kauri.

Na biyu shi ne saƙo. Saƙo kamar ɗan aike yake: ya zo sau ɗaya, ya isar da magana, ya tafi. "Fara." "Tsaya." "Lambar ita ce 7." Akwatunan da ke karɓar saƙo su tura wani su ne akwatunan ba da umarni. Su da kansu ba su yin ƙara ko kaɗan, amma su ke yanke hukuncin wane sauti zai fito, da yaushe, da sau nawa.

Kunamar bindiga

Saƙo mafi sauƙi a Pd shi ne wanda ake kira bang. Ba ya ɗauke da lamba, ba ya ɗauke da bayani. Ma'anarsa ɗaya ce: "Yi aikinka yanzu." Kamar kunamar bindigar mafarauci: kunama ba ta san abin da aka ɗura ba, nata kawai ta tayar. Idan bang ya shiga akwatin lamba, sai akwatin ya fitar da lambar da ke cikinsa. Idan ya shiga akwatin kunna sauti, sai sauti ya tashi.

Ga yadda ake haɗa na farko. Ku naɗi ƙarar tafi ɗaya da waya, ku mayar da ita fayil irin na wav, domin Pd ta asali ba ta karanta mp3. Manhajar Audacity, ita ma kyauta, na yin wannan aikin, kuma da ita za ku yanke shirun da ke farkon naɗin. Ku kula da wannan yankan sosai: idan kun bar rabin sakan na shiru a gaba, duk ƙwarewar da kuka yi wajen danna maɓalli sautin zai makara da rabin sakan.

A cikin Pd sai ku buɗe ma'ajin lambobi ku sa masa suna tafi, ta hanyar rubuta table tafi a akwatin aiki. Akwai akwati mai suna soundfiler wanda ke kwaso fayil ya zuba a ma'aji. Saƙon da ake tura masa shi ne read -resize tafi.wav tafi. Sai akwatin tabplay~ tafi, wanda ke karanta ma'ajin daga farko zuwa ƙarshe duk lokacin da bang ya taɓa shi. A ƙarshe akwatin dac~, wanda shi ne ƙofar fita zuwa lasifika. Ku kunna injin sauti a babbar tagar Pd inda aka rubuta DSP, ku haɗa maɓallin bang da tabplay~, ku latsa. Tas! Tafinku ya fito.

Me ya sa ake fara zuba sautin a ma'aji? Domin ɗauko fayil daga faifan kwamfuta na cin lokaci, amma abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta a shirye yake. Sai dai akwai iyaka. Minti ɗaya na sauti lamba 2,646,000 ne, wato 44,100 sau 60. Don haka gajerun sautuka ake zubawa a ma'aji. Doguwar waƙa kuwa akwai akwatin readsf~, wanda ake fara tura wa saƙon open da sunan fayil don ya shirya, sannan a tura masa 1 ya fara, 0 ya tsaya.

Agogon da ba ya gajiya

Yatsan mutum ba zai iya danna maɓalli sau ɗari a jere ba tare da ya yi sauri ko ya yi nawa ba. A nan ne akwatin metro ke shigowa. Aikinsa ya riƙa fitar da bang a kai a kai, da tazarar da ka rubuta masa. Ana auna tazarar da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Idan ka rubuta metro 500, zai buga sau biyu a kowane sakan. Ana kunna shi da wani ɗan akwati mai suna toggle, mai kama da makunnin fitila: latsawa ɗaya ya aika 1, latsawa ta biyu ya aika 0.

A nan lissafin aji ke amfani. Masu kiɗa na auna sauri da yawan bugu a minti ɗaya. A minti akwai milisakan 60,000. Idan kana son bugu 120 a minti, ka raba 60,000 da 120, ka samu 500. Idan kana son kowane bugu ya rabu gida huɗu, ka raba 500 da 4, ka samu 125. Idan kuma bugu 100 kake so a minti, tazarar ta zama 600, kashi ɗaya cikin huɗu kuma 150. Duk wanda ya taɓa tambayar malamin lissafi amfanin rabawa, ga amsa guda.

Darasi daga mai kalangu

Ku lura da mai kalangu idan yana kiɗa. Abu biyu yake yi lokaci guda. Yana matse igiyoyin kalangun da hammatarsa ko ya sassauta, wannan ke sa muryar kalangu ta yi sama ko ta yi ƙasa. Sannan yana bugun fatar da sandar kiɗa. Matsi shi kaɗai ba ya fitar da amo, shiri ne kawai. Sai sanda ta sauka ake jin abin da hammata ta shirya.

Haka akwatunan Pd suke. A mafi yawansu, mashigar da ke can hagu ita ake kira mai zafi: abu na shiga, nan take akwatin ya yi aiki ya fitar da sakamako. Sauran mashigun na dama masu sanyi ne: suna karɓar lamba su adana, su yi shiru, su jira. Ta hagu ita ce sanda, ta dama ita ce hammata. Ɗauki akwatin tarawa mai alamar +. Ka tura 5 ta dama, babu abin da zai fito. Ka tura 3 ta hagu, sai 8 ta fito. Akasarin kukan da sababbin ɗalibai ke yi cewa "na haɗa komai daidai amma ya ƙi aiki" daga nan yake: sun tura lamba ta mashiga mai sanyi suna jiran amsa, alhali ba su buga sanda ba.

Mu ƙera injin ganga

Da wannan ilmi za mu iya sa kwamfuta ta yi ƙidaya. Akwai akwati mai suna f, wanda ke riƙe lamba guda ya fitar da ita idan bang ya shigo ta hagunsa. Ku haɗa metro 125 da mashigarsa ta hagu. Ku ɗauki abin da f ya fitar ku kai wa akwatin + 1, sannan ku mayar da sakamakon cikin f ta mashigar dama, mai sanyi. Bugu na farko zai fitar da 0 ya adana 1. Na biyu ya fitar da 1 ya adana 2. Haka za a yi ta tafiya.

Mu ma ranar da muka fara gwadawa, mun mayar da sakamakon ta mashigar hagu. Sai f ya tura wa + 1, shi kuma ya dawo wa f, shi kuma ya sake turawa, babu mai jiran wani, har Pd ta katse abin ta rubuta mana gargaɗi da jan rubutu. Idan hakan ta same ku, kwamfutarku ba ta lalace ba. Ku cire igiyar ku mayar da ita dama.

Ƙidayar da ba ta ƙarewa ba ta da amfani ga kiɗa, domin kiɗa zagayawa yake yi. Akwatin mod 16 na raba lamba da 16 ya ba da abin da ya rage, don haka bayan 15 sai a dawo 0. Yanzu muna da taku 16 masu zagayawa. Saura mai tsaron ƙofa, wato akwatin select, wanda ake taƙaitawa da sel. Idan ka rubuta sel 0 4 8 12, zai zuba ido, duk lokacin da ɗaya daga cikin lambobin nan ta wuce sai ya fitar da bang. Ku haɗa mafitunsa huɗu na farko da sautin babbar ganga. Ku yi wani sel 4 12 ku haɗa da tafi. Ku kunna. Abin da za ku ji shi ne ƙashin bayan dubban waƙoƙin rawa na zamani.

Amma ba dole ne ku tsaya a 16 ba. Ku sauya zuwa mod 12. Ku ba ganga sel 0 3 6 9, ku ba tafi sel 0 4 8. Yanzu a zagaye guda ganga na bugu huɗu, tafi na bugu uku, suna haɗuwa a farko su rabu su sake haɗuwa. Wannan saɓi-zarce na uku da huɗu ya yawaita a kaɗe-kaɗen Afirka ta Yamma, kuma kunnenku zai gane shi tun kafin ku gama ƙirga lambobin. Abin da kakanni suka riƙe a tafin hannu, ga shi kun rubuta shi da lambobi bakwai.

Wa zai riga wani?

Akwai wani tarko da ke kama har waɗanda suka ƙware. A ce kuna son maɓalli guda na "fara" ya yi aiki biyu: ya mayar da ƙidaya 0, kuma ya tayar da metro. Kun ja igiya biyu daga maɓallin. A ido kamar lokaci guda suke tafiya, amma kwamfuta abu ɗaya take yi kafin wani. Kuma metro yana fitar da bugunsa na farko ne nan take da aka kunna shi. Idan ya riga tashi kafin a mayar da ƙidaya 0, bugun farko zai ɗauki tsohuwar lambar da aka tsaya a kai, kiɗa ya fara da ƙafar hagu.

A Pd, idan igiya biyu suka fito daga mafita guda, wadda aka fara jawowa ita ke fara aiki, kuma babu yadda za a gane hakan ta kallon allo. Gobe ka goge igiya ka sake ja, tsari ya juye ba ka sani ba. Maganin shi ne akwatin trigger, wanda ake taƙaitawa da t. Ka rubuta t b b, sai ya ba ka mafita biyu, kuma ƙa'idarsa ba ta canzawa: daga dama yake farawa ya yi hagu. Sai ka haɗa ta dama da saƙon 0 mai zuwa mashigar f mai sanyi, ka haɗa ta hagu da metro. A shirya tukuna, sannan a buga. Hammata kafin sanda.

Ƙarar "ƙas" da jinkiri

Idan kuka tsayar da doguwar waƙa a tsakiyarta, za ku iya jin wata 'yar ƙara "ƙas" a lasifika. Dalili shi ne fatar lasifikar tana tsakiyar motsi aka ce ta koma sifili farat ɗaya. Ana magance wannan da rage ƙarfin sauti cikin hanzari maimakon datse shi. Ana bi da sautin ta akwatin ninkawa mai alamar *~, a haɗa masa akwatin line~. Idan ka tura wa line~ saƙon 0 10, zai gangaro zuwa sifili cikin milisakan 10. Kunne ba zai lura da gangarowar ba, amma "ƙas" ɗin ya tafi. Sai akwatin delay 10 ya jira wannan ɗan lokaci kafin ya aika umarnin tsayawa.

Sai batun jinkiri tsakanin danna maɓalli da jin sauti. Pd na lissafa sauti ne rukuni-rukuni, lamba 64 a lokaci guda, wanda a 44,100 bai kai milisakan ɗaya da rabi ba, kuma a tsakanin rukunan take duba saƙonni. Wannan ba ya damun kowa. Babban jinkiri na zuwa ne daga tanadin da kwamfuta ke yi kafin ta miƙa wa lasifika, don kada sauti ya yanke idan ta shagala da wani aiki. Tanadin lamba 256 kusan milisakan 6 ne, na 1,024 kuma ya kai 23. A saitin sauti na Pd akwai gurbin rubuta yawan jinkirin. Ka rage shi da yawa sauti ya riƙa tsinkewa, ka ƙara shi da yawa yatsanka ya riga kunnenka. Sai ka yi ta ragewa a hankali har ka kai inda ya fara tsinkewa, sannan ka ɗan ƙara. Lasifikar Bluetooth kuwa tana ƙara nata jinkirin, wanda sau da yawa yakan wuce milisakan 100, don haka a wurin wasa waya ta fi. Ku tuna kuma ko iska tana da nata: sauti na tafiyar kusan mita 343 a sakan, wanda ke zaune mita 17 daga lasifika yana jin komai bayan milisakan 50.

Abu guda ne a ko'ina

Wataƙila wani ya ce ai a situdiyon unguwarsu FL Studio ake amfani da ita, ba Pd ba. Gaskiya ne, amma ku kalli jerin ƙananan maɓallan nan da ake kunnawa a FL Studio don tsara ganga: taku 16 ne, agogo na bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya, wanda aka kunna ya tayar da sauti. Ai metro da ƙidaya da sel ɗinmu ne aka yi wa ado. Injin ganga na Roland TR-808 da ya fito a 1980 ma maɓallan taku 16 gare shi. Injin Akai MPC60 na 1988, wanda Roger Linn ya tsara, yana da faifan roba 16 da ake bugawa da yatsa, kowanne na tayar da sautin da aka naɗa.

Ableton Live, wadda ta fito daga birnin Balin na Jamus a 2001, ta shahara da wata dabara: idan ka latsa guntun kiɗa, ana iya saita shi kada ya tashi nan take, ya jira farkon zagaye na gaba, don kada ya faɗo a tsakiyar bugu. A Pd ma za ku iya haɗa wannan: latsawarku ta buɗe wata ƙofa mai suna spigot, sai bang ɗin da ƙidaya ke bayarwa a kan 0 ya wuce ta ciki ya tayar da sautin.

Hatta fiyanon lantarki da ake haɗawa da kwamfuta saƙo yake aikawa. Tun 1983 kamfanonin kayan kiɗa suka amince da harshe guda mai suna MIDI. Idan ka danna maɓalli, fiyano na aika lambar maɓallin, daga 0 zuwa 127, da ƙarfin dannawar, shi ma daga 0 zuwa 127. Maɓallin C na tsakiya shi ne 60. Akwatin notein ke karɓar waɗannan a Pd. Idan ka ɗaga yatsa kuma wani saƙon na zuwa da ƙarfi 0, shi ya sa sababbin ɗalibai kan ji sautinsu ya fito sau biyu. Akwatin stripnote ke tace na biyun.

Mu koma zaure

Yanzu ɗalibinmu na gefen dandamali yana da abin da zai fitar da shi kunya. Akwatin key na ba da lambar duk maɓallin kibod da aka danna. Dogon maɓallin nan na barin tazara lambarsa 32. Sai sel 32 ya mayar da dannawar bang, bang ya shiga ƙidaya, ƙidaya ta shiga sel 0 1 2 3. Dannawa ta farko ƙwanƙwasa ƙofa, ta biyu tsawa, ta uku kukan zakara, bisa tsarin wasan. Akwatin loadbang zai zuba duk sautukan a ma'aji da zarar an buɗe aikin. Babu sauran laluben fayil. Idonsa na kan hannun ɗan wasa, yatsansa na kan maɓalli ɗaya.

Kafin ranar, abu huɗu. A ware wani maɓalli na tsayar da komai, don ɗan wasa na iya mantuwa ya tsallake layi. A riƙa danna maɓalli a ɗaga yatsa nan da nan, domin kibod na maimaita dannawa idan an riƙe shi, sai tsawa da zakara su fito tare. A yi gwaji a cikin zauren da lasifikar da za a yi amfani da ita, kwamfuta cike da caji, don wuta ba ta da alkawari. Kuma duk lokacin da za ku gwada sabon haɗi da abin sauraro a kunne, ku fara rage ƙara, domin kuskuren igiya guda na iya fitar da ƙarar da za ta cutar da ji.

Wanda ya iya wannan ya koyi fiye da kiɗa. Adana lamba, maimaita aiki, duba sharaɗi, da tsara abin da zai riga wani, su ne ginshiƙan rubuta kowace irin manhaja, daga ta banki har ta wayar hannu. Bambancin kawai shi ne a nan kunnenka ne ke gaya maka ka yi kuskure.

Ga aikin wannan mako. Ku nemi izinin malamin kwamfuta ku sauke Pd. Ku naɗi sautuka uku na kanku: tafi, bugun ƙwarya da aka kife, da ƙarar cokali a jikin kwalba. Ku tsara su a taku 12, kowanne da nasa sel. Sannan ku kira wani babba a gida, kaka ko goggo wadda ta san gaɗa, ta saurara. Idan ta fara kaɗa kai, lambobinku sun yi daidai. Idan ta yamutsa fuska, ku roƙe ta ta tafa muku yadda ya kamata, ku ƙirga inda hannunta ke sauka, ku koma ku gyara. Ku rubuto mana lambobin da kuka ƙare da su, za mu kawo waɗanda suka fi burge mu a wannan shafi. Sai mun ji daga gare ku.